Makonnin da Na Zama Ledi Miya

Litinin, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Chayo ce ta kawo mini shi. Ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba, ta faɗo mini ɗaki da waya a hannu ta ce, "Comadre, zauna tukuna." Shekara talatin muna maƙwabtaka, ni na riƙe 'yarta a coci ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna comadre, ban taɓa ganin Chayo ta yi shiru ta bar waya ta yi magana ba sai yau.

Bidiyo ne, kuma ni ce a ciki. Ga ni da gashin kanti da sarƙar bogi a gidan abinci, na ɗaga kwanon miya yana tururi na sheƙa wa yarinya mai kawo abinci a fuska, na bi ta da mari. Hoton yana rawa, ƙeyar wani ta tare gefe, sai ka rantse wani ne a teburin kusa ya ɗauka a sace. Ba sunan fim, ba tambarin kamfani. A ƙasa an rubuta wai a taya su nemo wannan matar.

Dariya na yi. Na ce mata ai aikin da na yi watan jiya ne, irin fim ɗin nan na waya da ake kallo a tsaye, wanda ita kanta take ƙona wake a kansa. Miyar ruwan ɗumi ce da kala, yarinyar kuwa Itzel ce, 'yar wasa, tare muka ci tamal bayan an tashi. Chayo ta ce ta sani, ita dai ta sani. Sai ta nuna mini yawan waɗanda suka kalla, na kasa karanta lambar.

Har suna an raɗa mini, kamar yadda ake yi wa duk macen da aka kama a waya tana wulaƙanta talaka a garin nan. Ledi Miya. Shekara arba'in ina wasan kwaikwayo ba wanda ya riƙe sunan Amparo Quiroz, wannan kuwa kafin in farka ya zaga duniya.

Ni dai Asabar nake tunani. Yarana na coci za su fara gwajin wasan Kirsimeti, kuma duk iyayensu suna da waya.

Litinin, da la'asar

Na kira Ulises, furodusan. Murna yake yi, ɗan banza.

"Malama, kin yi tashe. Ba mu taɓa samun talla irin wannan ba."

Talla. Ashe yarinyar da na gani ranar zaune a teburin gefe da waya, wadda na zaci hoton tarihi take ɗauka, aikinta ke nan. Duk fitowa mai zafi sau biyu suke ɗaukarta, ɗaya ta fim, ɗaya ta sata. Ya ce mutane sun ƙoshi da talla, da sun ga tambari yatsa zai ture, amma in suka ɗauka gaske ne sai su tsaya, su yi zagi, su tura wa dangi. Ranar ɗaya ga Disamba fim zai fito, sai a ce wa kowa ga ci gaban labarin, kashi goma na farko kyauta, saura a sa kuɗi. Kafin nan in ja bakina in yi shiru, yana cikin takardar da na sa wa hannu.

Na ce masa fuskata ce, ba bangon liƙa talla ba. Ya ce mako biyu ne kawai, Malama, kamar gobe ne. Tun ba a yaye shi ba nake fitowa a talabijin, yau shi ne yake koya mini haƙuri.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da safe

Ban fita ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da tsakar rana

Na je kasuwar Portales. Ba zan rubuta abin da mai tumatir ta faɗa ba, matar da na yi shekaru ina saye a wurinta. Rigata mai ruwan toka tana jiƙe a bokiti, ban sani ba ko tabon tumatirin zai fita.

Abin da ke ƙona mini rai, ranar da aka ɗauki abin nan, taku ɗaya daga damata akwai fitila mai ƙafa uku. A haguna mai riƙe sandar sauti yana taunar cingam. Darakta yana tsugune kusa da ƙafata yana mini alama in ƙara ƙarfi. Da a kwance aka riƙe wayar, yadda masu hankali suke ɗaukar hoto, da duk an gan su, da ba wanda ya ruɗe. Amma a tsaye hoton siriri ne kamar tsagar ƙofa, mutum biyu ma da ƙyar suke shiga. Ni da Itzel da miya, shi ke nan.

Dama ban so aikin ba. Kashi sittin a mako guda, kowane minti ɗaya da rabi. Labarin daga China ya zo, inji ya fassara shi, an riga an yi shi da Turanci da wasu 'yan wasan, mu namu mu maimaita. Aka ce mu yi magana da Sifaniyancin da ba ya ƙanshin garin kowa, don mai sharar ofis a Houston da mai zaune a bas a Lima kowace ta ji nata ne. Kowane kashi sai an yi mari, ko an zubar da wani abu, ko an gano direban gidan shi ne mai kamfanin. Na ce wa darakta uwar mijin nan da aka ba ni in fito ita ma mutum ce, a bar ni in nuna abin da ya mayar da ita haka. Ya ce babu lokaci, in dai ɗaure fuska. Na ɗaure. Talabijin ta daina kirana tun da wuyana ya fara tattarewa, to me zan ce?

Asabar, 22 ga Nuwamba, da yamma

Rabin yaran ba su zo ba. Yaron da zai fito a Mala'ika Mika'ilu bai zo ba, makiyaya biyu kacal. Shaiɗanun dai sun zo duka, su ba sa fashi.

Iyaye mata suka jeru a bayan zauren coci, abin da ba su taɓa yi ba. Da can ajiye mini yara suke a bakin ƙofa su ruga gyaran gashi. Yau wata ta ɗaga waya ta saita ni tun kafin in buɗe baki. Na saba in daka tsawa in yaro ya juya wa 'yan kallo baya, su kwashe da dariya, sun san tsawar Malama ba ta da haƙori. Yau da raɗa na yi gwajin, kamar mai jinya.

Nayeli ce kaɗai ta rugo ta haye cinyata tana juya zobena kamar kullum. Jikar Chayo ce, shekararta shida, bana ne karonta na farko, ƙaramar mala'ika. Tun watan Agusta take damuna in gwada mata fiffike.

Tun shekarar da aka binne mijina Rubén nake shirya wasan nan. Ban haifi ko ɗaya ba, amma akwai direban bas a layin nan da ni na ɗinka masa jelar shaiɗan da hannuna, yanzu ɗansa ke sa ta. Abin da nake da shi ke nan. Su Ulises ba su san da shi ba, in sun sani ma ko oho.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan coci

Da aka ce a ba juna hannun salama, mutumin da ke gabana ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Takalminsa ba shi da igiya, na duba.

Talata, 25 ga Nuwamba, da hantsi

Itzel ta sa hotonta, rabin fuska a duhu, ta rubuta tana godiya da addu'o'in jama'a. Addu'o'i! Na kira ta, da ƙyar ta ɗauka. Na ce mata 'yata, kalma ɗaya nake nema, ki ce wasa ne, ke za su ji. Ta fara kame-kame, wai ita ma ta sa hannu, wai Ulises ya ce a jira. Na ce mata ni na riƙe mata tawul ranar, ni na hura mata ido da kalar ta shiga. Sai ta daina kame-kamen.

"Doña Amparo, shekara shida ina kawo abincin gaske a gidan abincin gaske ina jiran a kalle ni. Ke kin yi zamaninki."

Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan kai wa Fada a ɗakin furci. Haushina ma, da ni ce ita a shekarunta, ban san me zan yi ba. Wannan bai hana ni jin kamar in shaƙe ta ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da safe

Masu neman Ledi Miya sun samo gidana. Chayo da mijinta sun wanke ƙofar kafin in fito. Ban tambaye su me ke jiki ba, su ma ba su faɗa ba.

Mako biyu ne kawai, Malama.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da yamma

Shaiɗanun ma sun fara fashi. Nayeli ba ta zo ba, Chayo ta ce mura take yi.

Litinin, 1 ga Disamba, da la'asar

Fim bai fito ba.

Na sa gyale da baƙin tabarau na shiga jirgin ƙasa har ofishinsu a unguwar Roma. Ɗaki ne cike da yara masu gemun gayu, kowa da kwamfuta, ba wanda ya ɗago. Ulises ya tare ni da kofi da fara'a. Ya ce masu manhajar, can ƙasar waje, sun ce kada a taɓa komai, abin yana ta hawa, yanzu ya shiga Amurka da Sifen, in aka tona yanzu an yi asarar zafin. Sai bayan sabuwar shekara.

Ya ja ni gaban wani allo ya nuna mini wani layi mai hawa da sauka. Ya ce nan ne yatsun mutane suke tsayawa, daidai inda fuskata take fitowa. Ya ce ba kowa Allah ya ba wannan ba, mutane suna jin daɗin ƙina. Da gaske yake, yabona yake yi.

Na ce ba yabo na zo nema ba. Hoto ɗaya nake so, wanda aka ɗauka daga nesa, da fitilu da darakta a ciki, in nuna wa Fada da iyayen yara, ba zan sa a ko'ina ba. Ya sosa ƙeya, ya ce lauyoyi ba za su yarda ba, hoto in ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu.

"Malama, kar ki ji haushi, amma wasan yara ne fa a zauren coci."

"Yaran nan sun san sunana. Naku 'yan kallon fa, wa suka sani?"

Ya yi murmushi kamar yana lallashin kakarsa, ya ce a kira mini mota. Na ce ƙafata ta kawo ni. A matakala na tuna ban watsa masa kofin ba, ga shi da zafi, ga shi na gaske. Ban yi ba. Ina so a rubuta cewa ban yi ba.

Talata, 2 ga Disamba, da rana

Allah ya isa. Allah ya isa. Allah ya isa.

Laraba, 3 ga Disamba, da yamma

Na karya musu doka, su yi abin da za su yi. Na zauna a gaban hotunana na da, Chayo ta riƙe waya, na faɗi komai, sunan fim, sunan Itzel, ruwan ɗumi, kala, duka. Na ce mata ta riƙe wayar a kwance, ta ce a kwance ba mai kallo, comadre, ko ita ba za ta kalla ba. Muka yi ta musu har na haƙura. Na fara a natse, can tsakiya raina ya ɓaci na ɗan ɗaga murya, amma na gama lafiya. Yau na ci abinci sosai.

Juma'a, 5 ga Disamba, da hantsi

Nawa ba wanda ya kalla har ƙarshe, ya yi tsawo. Amma wani ya yanko daidai inda na ɗaga yatsa da murya, ya rubuta Ledi Miya ta dawo, ko nadama babu. Wannan shi ne yake yawo. Na san hannun da ya yanka, irin yankan ofishin Roma ne.

Ulises ya turo saƙo, wai kada in damu da batun lauyoyi, abin ma ya taimaka. Ko ƙarata ba za su yi ba. Ko wannan darajar ban samu ba.

Asabar, 6 ga Disamba, da yamma

Ba a yi gwaji ba, taro aka yi. Fada Anselmo ya zaunar da ni a kujerar gaba, iyaye a zagaye. Ya fara da cewa shi ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Da na ji haka na san an gama.

Na zaci aikina in gamsar da su cewa fim ne. Ashe yawancinsu sun yarda, wasu ma tun farko sun sani. Wani uba ya ce a makaranta ana tsokanar ɗansa ana ce masa yaron Ledi Miya. Wata ta ce in ranar wasa baƙi suka zo da wayoyi fa? Sai Yadira, uwar Mala'ika Mika'ilu, wadda ni na koya mata tsayuwa a dandamali tana 'yar mitsitsiya, ta miƙe.

"Mun yarda fim ne, Doña Amparo. Amma yadda hannun nan ya tafi, ba a ranar ya koya ba."

Na ce mata ƙwarai kuwa, shekara arba'in yana koyo, sana'arsa ce, kuma bai taɓa sauka a kan ɗan kowa ba, ita shaida ce. Muryata ta hau. Na ga suna kallon juna, na gane na ba su abin da suka zo gani.

Fada ya ce in huta bana, malamar katakizim mai koya wa yara addini za ta ƙarasa, baɗi Allah ya kai mu. Ya wanke hannunsa tas, ko Bilatus na Littafi Mai Tsarki albarka. Ya nemi mabuɗin kabad ɗin kaya. Na ciro shi daga cikin na gidana a gabansu, zoben ya ƙi buɗuwa, ba wanda ya taya ni. Na ce wa malamar fikafikan suna buƙatar sabon ɗauri, ta ce to, ba ta rubuta ba.

Chayo tana can baya, ba ta ce uffan ba. A hanya ta ce in ta yi magana cewa za a yi ƙawata ce. To dama mece ce?

Talata, 9 ga Disamba, da safe

Na wanke labule. Na sake wanke shi.

Juma'a, 12 ga Disamba, da la'asar

Ranar Uwarmu Maryamu ta Guadalupe, tun asuba ake harba tartsatsi, karnukan layi sun haukace. Ban je ba, na kunna mata kyandir a gida, ta san dalili.

Chayo ta shigo da kwanon miyar mole, ta san ba na iya fushi da ita in ina ci. Muna zaune wayarta ta yi ƙara, na leƙa, sai ga manhajar tsinannun nan tana tuna mata an buɗe sabon kashi. Na ce comadre, bayan duk abin da suka yi mini, kuɗinki kike ba su? Ta ce wannan wani fim ne daban, kuma an tsaya daidai inda amarya za ta buɗe ƙofa, ita ba za ta iya barci ba. Na ce mata ba ta da kunya. Ta ce ita ma ta sani. Can ta sassauta murya ta tambaye ni, a nawa fim ɗin, ya ƙarshena yake? Na ce jana ake yi a ƙasa a jefa ni waje cikin ruwan sama. Ta ce to ai gara, kin cancanta, muguwa. Muka yi dariya har na ƙware. Rabona da dariya tun ranar da ta kawo mini wayar.

Na tambayi Nayeli. Ta ce tana nan, ta tashi tana neman murfin kwano. Murfin yana hannunta.

Laraba, 17 ga Disamba, da magariba

Jerin gwanon Yusufu da Maryamu ya wuce ta layinmu, suna waƙar neman masauki ƙofa ƙofa. Duk shekara a ƙofata suke fara tsayawa, in amsa daga ciki da muryar mai masauki in kore su, yara suna ƙyalƙyala dariya. Na tsaya a bayan ƙofa na gyara murya. Suka tsallake zuwa gidan mai gyaran firiji.

Juma'a, 19 ga Disamba, da rana

Gobe ne. Chayo ta ce in zo in tsaya a baya wurin tukunyarta, ba mai hana mutum shiga harabar coci. Ba zan je ba. Su yi abinsu.

Asabar, 20 ga Disamba, da magariba

Na je.

Na tsaya a bakin taga ta baya, kusa da tukunyar ponche, abin sha mai zafi da Chayo ta dafa, ina juya mata rake da gwaba kada su kama. Daga nan ana ganin dandamali. Mika'ilu ya juya wa mutane baya tun daga farko har ƙarshe. Makiyaya suka shigo ta ɓangaren shaiɗanu. An sa wa Lusifa, babban shaiɗan, jelar da ta yi masa tsawo, ya taka ta ya faɗi. Na yi ta cizon leɓe ina cewa ai ga shi nan, ai ga irinta nan. Sai Nayeli ta fito, ta tsaya cak inda na taɓa nuna mata, ta ɗaga kai ta yi maganarta har bayan zaure ana ji. Ban san hawaye nake yi ba sai da Chayo ta miƙo mini gefen zanenta.

Da aka tashi yara suka fito harabar da kayan wasansu, kowa yana neman nasa. Na hango ta ita kaɗai kusa da famfo tana neman uwarta. Na ɗebi ponche a ƙaramin kofin ƙasa, na hura shi sosai, na tsamo mata rake na sa a ciki don tana son tsotsa. Na zare gyalena don ta gane ni, na nufe ta, na kira sunanta.

Ta juyo. Ta kalle ni, ta kalli kofin yana tururi. Sai ta ɗaga hannayenta biyu ta kare fuskarta.

"Malama, kar ki zuba mini. Ban yi kuskure ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta gudu ba. Tsayawa ta yi ta runtse ido tana jira.

Na ga wayoyi suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa a hankali na ajiye kofin a ƙasa, nesa da ƙafarta. Fiffikenta na hagu yana lilo, ƙulli ne kawai ya kwance a bayan kafaɗa, da na so da na ɗaure mata kafin ta buɗe ido. Na mayar da hannuna aljihu na taho gida.